Naman layya ya saki a firiza, a bar shi ya sake ƙanƙara ko a zubar?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa don Allah ku ba ni shawara, taransifomarmu ce ta lalace tun Laraba da daddare sai yau Asabar da asuba aka kawo wuta, naman layyan da ke firiza duk ya saki, na sama ya yi laushi har ruwan jini ya taru a ledar, na ƙasa kuma da sauran ƙanƙara. Hajiyar maigidana ta ce naman da ya narke in ya sake ƙanƙara guba ne, wai in kwashe in zubar. Rabin rago fa!

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Ki ji maganar Hajiya, ni a gidana in nama ya narke ba ya komawa.

Ummi: Haba Anti, to a ƙasar nan wa zai ci nama kenan? Kullum sai an ɗauke wuta, ya narke ya kama, shekara nawa muna haka ba wanda ya mutu. Ai ƙanƙara kashe ƙwayoyin cuta take yi.

Sista Hadiza: Ummi nan ne kika kauce. Ƙanƙara ba ta kashe su, barci kawai take sa su, da naman ya saki sun farka su ci gaba daga inda suka tsaya. Amma Anti ma ki yi haƙuri, sake ƙanƙarar ba shi ke kawo guba ba, abin tambaya shi ne awa nawa naman ya yi ba sanyi. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 suke hayayyafa, wasu duk minti 20 sai sun ninka, shi ya sa ake cewa kada ɗanyen nama ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 ma awa 1 ce, mu kuwa kin san zafinmu. Wanda ke da sauran ƙanƙara ko yake da sanyi irin na firij ba laifi ya koma.

Ummi: To ai dafawa za a yi Sista, me zai tsira a tukunyar da ta yi awa guda tana tafasa?

Sista Hadiza: Ƙwayar za ta mutu, amma akwai irin su Staphylococcus da ke barin dafi a naman tun yana ɗumi, shi kuma tafasa ba ta karya shi, bayan 'yan awoyi sai amai da murɗar ciki. Kuma kada ki ce min a sunsuna, masu sa wari daban masu kwantar da mutum daban.

Anti Rabi: Ni dai abin da na sani iyayenmu ba su da firiza kuma naman layya yana kai su watanni, a soye shi ƙarau a kitsensa a zuba a kwalla shi kenan. Mu ne muka ɗora wa kanmu wahala.

Maman Biyu: Ni da nake sayar da kaji ba na so ya koma ne saboda ɗanɗano, ƙanƙara ta biyu tsotse ruwan naman take, ki dafa ki ji shi kamar igiya. Tun farko a ƙananan ledoji ake ƙullawa, na girki ɗaya-ɗaya. Maman Hanif firizar a cike take? Cikakkiya in ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kusan awa 48, rabi kuwa 24.

Maman Hanif: A cike take amma yara sun yi ta buɗewa neman ruwan sanyi wallahi har na gaji da magana. Yanzu na taɓa, na tsakiya sanyi ƙarara har yana kama hannu, hanta da kayan ciki ne a kwandon sama, su kam ba wani sanyi.

Sista Hadiza: Na ƙasa ki bar shi, na tsakiya ki ɗora mai yau ɗin nan ki bi dabarar Anti. Na kwandon kuwa Hajiya ta yi gaskiya, kayan ciki sun fi tsoka saurin lalacewa, ki zubar.

Ummi: Hantar rago guda a bola? Ki aiko min Hanif da ita.

Sista Hadiza: Yau ina dutin dare Ummi, kada in gan ki.