Gidaje 24 a Tumfure: kafintocina suna zaman jiran birkiloli

Ɗan kwangila: Salamu alaikum. Ina da aikin gidaje 24 iri ɗaya a Tumfure, nan Gombe, kowanne mai ɗaki biyu da falo. Ayarin birkiloli biyu gare ni, kowane ayari yana kai gida linta (kankaren da ake zubawa a saman ƙofofi da tagogi) a kwana 6, wato duk kwana 3 ina samun gida ɗaya. Kafintoci kuma kwana 2 suke rufe gida. A aikin da na yi bara, rufi huɗu kawai suka yi suka cim ma birkiloli, suka zauna ina biyan kuɗin abinci, ƙarshe suka tafi wani aiki a Kumo, sai da na yi mako uku ina bin su. Ba na son a maimaita. Yaya zan tsara?

Injiniya Habu: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ɗauko takarda, ka jera gidajen 1 zuwa 24 daga ƙasa zuwa sama, kwanaki kuma a kwance. Kowane ayari ka ja masa layi gwargwadon saurinsa. Inda layi biyu suka haɗu, nan ne wani zai zauna jiran wani. Wannan tsarin layin daidaito ne, kamfanin Goodyear na Amurka ya fara amfani da shi a shekarun 1940.

Lissafinka: birkiloli za su gama a rana ta 72. Kafintoci na buƙatar kwana 46 kafin su iso gida na ƙarshe. Saboda haka kada ka kira su kafin rana ta 26, lokacin gida 8 na jiransu. Daga nan ba za su tsaya ba. In kana gaggawa, ƙara ayarin birkiloli na uku, kowa ya koma kwana 2.

Baba Magini: Injiniya ya yi daidai, amma ɗana, kankaren linta ba ya son sauri. Ka ba shi mako guda ana ba shi ruwa kafin a ɗora katako. Ni rana ta 33 zan ce. Kuma in aikin zai shiga Agusta, ka tara yashi da bulo tun yanzu, don tifa ba ta shiga wasu unguwannin in ƙasa ta jiƙe.

Ɗan kwangila: Na gode, Baba. Zan gaya wa shugaban kafintocin rana ta 33, in ba shi kafin alƙalami ya riƙe min ranar.