Wane suna za a raɗa wa 'yar kyanwa?

Goggon Dala:
Ga tambaya ga masu kiwon kyanwa,
'Yar mako takwas, ta bar nonon uwa,
Wane suna take saurin riƙewa?
Ku amsa mini da baiti, 'yan uwa.

Mai Tawada:
Goggo, gaɓa biyu, kar ki wuce haddi,
Mimi ko Lulu, ko ki ce mata Kuli,
Murya siririya, ƙarshensa wasali,
Ki kira ta sa'ad da kwano ya zo da kifi,
Ta waiwayo, ki ba ta, kar ki yi jinkiri,
Safe da yamma, mako biyu ya yi.

Basakkwace:
Ƙanena, mu mussa muka ce mata,
Mimi da Lulu ba namu ba ne, bar ta,
Ranar haihuwa ita ka raɗa mata,
Ta Lahadi Ladi, ta Alhamis Lami ta,
Mai ja da baƙi da hwari, Ɗanladi na,
Wanda bai san gida ba shi ka aron suna.

'Yar Zazzau:
Yaya, Ladi 'yar mutane ce,
Ka ce "Ladi ɓarauniya ce",
Maƙwabta su jiyo ta katanga, rigima a zaure ce,
Kuma mai launi uku tamata ce,
Ka ce mata Ɗanladi, kunya ce.
Ɗaga wutsiya kafin ka yi suna:
Ta mace tsaga ce, kusa da dubura,
Na muzuru ɗigo, da tazara tsakani.

Ɗan Kwarbai:
Allah ya ƙara basira, Yaya! Ilimi dai na Zazzau ne, a tambayi kowa.

Basakkwace:
Ilimin me? Ɗangonta na farko gaɓa 9, na biyu 9, na uku 17. Raƙumi ne a garken awaki. Kuma jera "ce" sau biyar ba amsa-amo ba ne.

Ɗan Kwarbai:
Kai da ka liƙa "ta" bayan Lami don amo ya fita? "Lami ta" wace Hausa ce, Baba?

Malamin Aruli:
Ku duka kun kauce. Ba yawan gaɓa kaɗai ake dubawa ba, nauyinta ake aunawa, doguwa da gajera. Amma 17 ba ta da mafaka a kowane kari. Ƙanwata, ki raba ɗangon biyu.

'Yar Zazzau:
Malam, na raba, na ji gyara,
Amma shi fa Yaya bai san jela ba,
Ya iya ƙirga, bai iya duba ba,
Kyanwar Lami ce baitinsa, ba cizo, ba yakushi.

Basakkwace:
Ga shi na ƙarshen ma ya karye.

Mai Tawada:
A Sakkwato aka san kari tun zamanin Nana Asma'u, wannan ba a musu. Amma kan launi uku 'Yar Zazzau ce da gaskiya.

Hajiyar Maraɗi:
Na makara, ga nawa, ku saurara,
Sahabi ma da 'yar kyanwa aka san shi, Abu Huraira,
Sai dai sunan Allah da Annabawa, hattara,
Ba a sa wa dabba, kar a fara.
In biyu ne a gida, amon ya bambanta,
Mimi da Kimi na iya rikicewa a kunnenta,
A Japan, 2019, an gwada an tabbata,
Kyanwa na ware sunanta daga sauran kalmomin da ake furta.
Kar ki kira sunan kina tsawa, Goggo,
In ta haɗa shi da duka, ƙarƙashin gado za ta.

Malamin Aruli:
Hajiya, ɗangon Abu Huraira ya yi tsawo.

Goggon Dala:
Malam, a bar mata, sunan Sahabi ba a gutsure shi. Mai launi uku ce, an ɗaga wutsiya, mace ce. Kuli ko Lulu?