Zabura 119:72 da ɗan kasuwa: ta ina ake farawa?

Ɗan Sabon Gari

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Mai Zabura ya ce maganar Ubangiji ta fi masa dubban zinariya da azurfa. A baki kowa zai iya faɗin haka. Tambayata a kan mutumin da yake buɗe shago da ƙarfe bakwai da rabi a kasuwar Sabon Gari, ba ya rufewa sai magariba, ga haya, ga kuɗin makarantar yara. Yaya irin wannan zai sa Littafi Mai Tsarki gaba da kuɗi a aikace? Ko neman kuɗin ne ya kamata ya rage? Ina son abin da za a gaya wa matasa a zumunta su kama gobe da safe.

Malamin Makarantar Lahadi, Samaru

Ɗan'uwa, a fara da lokaci, domin abin da mutum ya ba farkon safiyarsa shi ne babba a wurinsa. Ga lissafin. Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, surori 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Wanda ya karanta sura uku kullum, biyar ran Lahadi, zai sauke cikin shekara, kuma sura uku ba ta wuce minti ashirin. Amma ɗan kasuwa sabon farawa kada ya ɗauki wannan. Ya kama Sabon Alkawari, sura ɗaya daga Litinin zuwa Juma'a. Mako 52 sau biyar 260 ke nan cif, Asabar da Lahadi kuma su zama na cike giɓi.

Abubuwa biyu ne ke kashe tsarin saukewa cikin shekara. Na farko: littattafan Farawa da Fitowa sura 90 ne, labari mai daɗi, suna ƙarewa wajen ƙarshen Janairu. Daga nan sai a faɗa Littafin Firistoci, hadayu da dokokin tsarki, sai gwiwa ta yi sanyi. Maganinsa a haɗa shi da Ibraniyawa, ita ke fassara shi. Na biyu bashi: mutum ya rasa kwana huɗu, ya ga sura goma sha biyu a kansa, sai ya ajiye gaba ɗaya. Kada a biya bashin karatu. A ci gaba daga inda aka tsaya.

Ga matasan kuwa, Zabura 119 ɗin kanta ta isa mafari. Aya 176 ce, kashi 22, kowane kashi aya takwas, wato kwana 22. Su ja layi a ƙarƙashin aya ta 14, 72, 127 da 162, inda aka gwada Maganar da dukiya, sannan su haddace aya ta 36, addu'ar karkatar da zuciya daga ƙazamar riba. Kuma a karanta kafin a taɓa waya. Da zarar an ga saƙon banki ko na mai bin bashi, hankali ya riga ya tafi kasuwa ko da jiki yana kan tabarma.

Dattijo daga Wusasa

Malam ya yi daidai, sai dai karatun safe ba shi ne gwajin ba, ɗana. Gwajin yana bakin mudu. Ba a ce ka rage nema ba: 1 Timoti 6:10 son kuɗi ta kira tushen mugunta, ba kuɗin ba, kuma 2 Tasalonikawa 3:10 ta ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Wurin da ake gane wanne ya fi nauyi shi ne inda aya ta ce abu ɗaya, riba ta ce wani.

Buɗe Maimaitawar Shari'a 25:13-15. An hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Kowa ya san yadda ake yi: a saya da mudu mai zurfi a ƙauye, a sayar da wanda aka bubbuga gindinsa ya shiga ciki. Amos 8:5-6 ya ƙara da algus, sayar da hatsi haɗe da ƙaiƙayi, har ya kama masu ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe rumbu. Sai hakkin ma'aikaci. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan da aka danne yana kuka. Yaron shago da mai turin baro suna cikin ayar nan.

A kuma kula da masu tsinke aya ɗaya su gina wa'azin arziki a kai. 3 Yahaya aya ta 2 gaisuwar wasiƙa ce zuwa ga Gayus, ba alkawarin mota ba. Duk ayar da aka kawo kan kuɗi, a karanta goma kafinta da goma bayanta.

Ɗan Sabon Gari

Na gode Baba. To masu sayen masara da kaka su ajiye sai damina fa? Karin Magana 11:26 ta ce jama'a na la'antar mai ɓoye hatsi.

Dattijo daga Wusasa

Ajiya daban, ɓoyo daban. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, da yunwa ta zo ya buɗe rumbuna, Farawa 41. Wanda ya saya da kaka, ya biya kuɗin sito da magani, ya ɗauki kasadar faɗuwar farashi, ribarsa halal ce. Ayar tana kan wanda ya ga abinci ya yanke a gari, buhuna na jibge a ɗaki, ya ƙi fitarwa yana jiran a ƙara shan wuya.

Mama Zumuntar Mata, Tudun Wada

Ɗana, ku duba fassarar da ke hannun yaran kafin ku ba su ayoyin nan. Ta 1932, wadda Likita Miller na mishan ɗin Zariya ya yi wa aiki sosai, tana cewa Misalai, Matta, Yohanna. Ta 1979 kuwa Karin Magana, Matiyu, Yahaya. Yaro zai yi ta juya shafi yana neman Karin Magana a Littafin kakarsa bai samu ba. A zumunta ku tsaya kan fassara ɗaya, musamman wajen haddacewa.

Haddar kuma aya ɗaya a mako ta wadatar. A rubuta a ƙaramar takarda, a manna a cikin murfin akwatin kuɗi ko bayan littafin bashi, inda ido ke faɗawa sau ashirin a wuni. Ran Lahadi da dare kowa a gida ya biya tasa kafin addu'a, har da uban gida. Iyayen da ba su yi boko ba akwai karatun Hausa na saurare, a saukar musu a waya inda akwai intanet, sai su ji suna aiki. Wanda zai ajiye Littafi a shago ya sa shi a leda, ya ɗaga shi daga ƙasa, saboda danshin damina da gara.