Jidda zuwa Madina da dattijo: jirgin ƙasa ko mota?

Mazaunin Jidda: Salamu alaikum jama'a. Baba yayi ritaya ya zo gurina, ina son kaishi Madina ziyara amma gwiwa na damunsa wallahi, bas ko jirgin ƙasa na Haramain?

Baƙon Makka: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, jirgin ƙasa kai tsaye. Daga tashar Sulaimaniyya ko ta filin jirgi, kusan awa 2 kun isa, bas kuwa sai ya kwashe kusan awa 5 dattijo na zaune guri ɗaya ƙafa ta kumbura.

Hajiyar Madina: Gaskiya ne, amma ka sayi tikiti tun da wuri ta manhajarsu, musamman lokacin azumi kujeru ƙarewa suke. Kuma tashar Madina ba kusa da Harami take ba, sai kun hau tasi. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Mazaunin Jidda: Amin Hajiya, nagode sosai.