Dan Allah a ba ni shawara kan kwangilar yasar kwalbatin unguwarmu

Baban Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne ma'ajin kwamitin unguwarmu a nan Kano kuma wallahi abin nan ya hana ni barci. Muna da babbar magudanar ruwa da ta bi ta bayan kasuwa, rabinta a buɗe, rabi an rufe da silab tun kafin in tare a unguwar, wasu ma sun ɗora shaguna a kai. Ledar fiyawata da yashi sun toshe ta, ga gidajen da suka juyo bututun banɗaki cikinta a ɓoye. Bara ruwa ya shiga gidaje har katangar wata tsohuwa ta faɗi, shi ne muka yi karo-karo, wasu sun bayar wasu kullum sai gobe, akwai wanda ya ce shi ɗan haya ne a tambayi mai gida, mai gidan kuma yana Legas ba ya ɗaga waya. Yanzu mutum biyu sun kawo farashi. Ɗaya kamfani ne, kuɗinsa ya fi abin da muka tara, wai saboda kayan kariya da tifar kwashe dagwalo. Ɗayan ƙanin matar shugaban kwamiti ne, ya ce da yaransa zai gama a sati ɗaya da rabin kuɗin. Ni ake jira in sa hannu. Ya zan yi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam ba ka faɗi zurfin wurin ba, ba ka faɗi ko mutum zai shiga ƙarƙashin silab ɗin ba, kuma nan ne maganar take. Buɗaɗɗen ɓangaren kowa zai iya yashewa da shebur da baro. Amma rufaffen wuri mai ruwan banɗaki yana tara iska mai guba, wadda take wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasa take kwanciya, kuma in ta yi yawa hanci daina jin warin yake, sai mutum ya zaci ta tafi. Yaro ya faɗi, na biyu ya shiga ceto shi ma ya faɗi, haka ake rasa mutum biyu uku a rami ɗaya. Kada ka sa hannu sai ka ga na'urar gwada iska da idonka, da abin hura iska, da igiya mai ɗamara, da wanda zai tsaya a bakin rami ba ya motsawa.

Maman Ilham:
Hmm ku dai ku sa kwashe dagwalo a rubuce. Mu a layinmu haka aka yashe aka jibge mana a ƙofar gida, ƙuda da wari, yara suna tsallakawa zuwa islamiyya, ruwan farko ya mayar da shi cikin kwatar. Da na yi magana aka ce mata ba sa zuwa mitin. Amma da za a karɓi kuɗi ai an san ƙofata.

Ɗan Kasuwa:
Ni ban ga dalilin da talaka zai biya haraji kuma ya biya yasar kwalbati ba. Ku je da mai unguwa da kansila ku kai takarda ma'aikatar muhalli da REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, kuɗin ku ajiye.

Baban Hanif:
Damina ba za ta jira takarda ba yallaɓai. Injiniya na gode, amma yaron nan ba baƙo ba ne, shi yake yashe mana masai a masallaci shekara da shekaru ba abin da ya taɓa faruwa. Ya ce zai saya musu takunkumi da rambut.

Injiniya:
Takunkumin ƙyalle ƙura yake tarewa, ba ya tare wannan iskar ko kaɗan. Kuma kamfanin ma kada ka yarda da baki. Ya nuna rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da shaidar yana biyan NSITF, asusun inshorar ma'aikata, don dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ita ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata wannan. Ku je ku ga aikin da ya yi a baya. Kuɗi kuma kashi-kashi, na ƙarshe sai tifa ta kwashe komai.

Kawu Na Ƙauye:
Ɗana duk wannan dogon turanci ne. Masu haƙar rijiya fitilar ƙwai suke zurawa, in ta mutu ba a shiga. Ku ɗaga silab ya sha iska kwana ɗaya.

Injiniya:
Kawu Allah ya ƙara girma, rijiya daban wannan daban. Nan akwai iskar da take kama wuta, fitila za ta iya tashin wurin. Ɗaga silab ɗin dai na yarda, in an ɗaga duka ma ba sai kowa ya shiga ba.

Baban Hanif:
Duka ba zai yiwu ba, na ce akwai shaguna a kai, ɗaya ma na shugaban ne. Kuma na riga na ba yaron kafin alƙalami ya sayi shebur da baro, don kwamiti ne ya ce a bayar ba ni kaɗai ba. Ku ba ku san zaman unguwa ba ne, in na ce a'a za a ce kamfanin ya ba ni wani abu. Gobe bayan isha'i za mu zauna. Akwai inda ake bayar da hayar na'urar gwada iskar nan a Kano?

Maman Ilham:
Ku dai tambaye shi ina zai zubar.