Musayar waƙa kan Williamson, shugaban harkokin ɗalibai na Minisota

Maudu'in wannan makon shi ne E. G. Williamson, masanin halayyar ɗan'adam da ya riƙe ofishin harkokin ɗalibai na Jami'ar Minisota a Amurka daga 1941 zuwa 1969, ya rasu a 1979. Kowa ya riƙe amsa-amonsa, kuma kada a tsallake wanda ya gabata ba a amsa masa ba.

Malam Garba Mai Alƙalami:

Na fara da sunan Mai Sama,
Shi ke bai wa bawa fahimta.
A Ilinoi aka haifi Williamson,
A 1900, haka aka rubuta.
Ya yi digirin farko a jiharsu,
Sannan ya nufi Minisota.
A hannun Farfesa Paterson ya goge,
A 1931 ya zama dakta.
Lokacin kasuwa ta karye,
Amurka duk ta talauta.
Aka ba shi ofishin gwajin ɗalibai,
Ya auna baiwa, ya kimanta.
Wanda ya dace da injiniya,
Kar a tura shi ya yi likita.

Hajiya Binta 'Yar Gidan Malamai:

Malam, sannu da ƙoƙari,
Amma bari in ɗan ƙara.
Ka yabi ma'auni da takarda,
Ka manta masu zuciya ne yara.
Yaro ya zo da kuka a ciki,
Sai a miƙa fensir a ce ya fara?
Disambar 1940, masanin halayya Carl Rogers
Ya taka har gidansu bai ji kara.
A Minisotan ya yi laccarsa,
Kan yadda ake ba da shawara:
Malami ya rage yawan umarni,
Ya ja bakinsa ya saurara.
Mai damuwa ya san ciwonsa,
In an ba shi fili zai gyara.

Malam Garba Mai Alƙalami:

Haba Hajiya, a yi adalci,
Mutumin nan bai yi mugunta.
Matakai 6 ya shimfiɗa:
Tara bayani, a daidaita,
A gano ciwon, a hango gaba,
A zauna da yaro a zanta.
Na ƙarshe, bayan ya tafi,
A bi sawunsa kar a manta.
Ɗan shekara 18 ya rasa hanya,
Ki bar shi da shiru? Ai cuta!

Alhaji Baba Na Bakin Kasuwa:

Ku dakata, 'ya'yana, ku ji ni,
Kun tsaya musu a ƙofar ɗaki.
A 1941 aka naɗa shi,
Shugaban harkokin ɗalibai, ya kama aiki.
Dokar 1944 ta ɗauki nauyin
Sojojin da suka dawo yaƙi.
Aka biya musu kuɗin karatu,
Suka cika aji har da mamaki.
Wasu da mata, wasu da goyo,
Ga neman rance, ga neman masauki.
Wa ke da lokacin doguwar hira,
Ga layi daga ƙofa har ciki?
A 1949 ya jagoranci kwamiti,
Suka zayyana daki-daki:
Ɗalibi ba ƙwaƙwalwa kaɗai ba ne,
Da lafiya, da aljihu, da ciki.
Duk wanda ya ga ofishin ɗalibai,
Da gumin mutumin nan a ciki.

(Na maimaita "ciki" sau uku, tsufa ne, kada wanda ya kama ni.)

Sadiƙu Ɗan Aji Uku:

Baba, a gafarta wa ƙaramin baki,
Akwai inda ba ku taɓo ba.
Ofishin da ke ba da shawara,
Shi ke hukunci, ba wani ba.
A ganinsa horo ma tarbiyya ne,
Ni dai wannan bai kwanta min ba.
Ya zan buɗe masa sirrina,
Gobe ban san me zai rubuta ba?
Janairun 1969, baƙaƙen ɗalibai
Suka shiga Morrill Hall, ginin hukumar jami'a, ba su fita ba,
Sai da aka yarda da sashen nazarin
Tarihinsu, da can ba a buɗe ba.
A shekarar ya ajiye aiki,
Su kuwa ba su jira a auna su ba.

Malam Garba Mai Alƙalami:

Sadiƙu, ɗana, ka iya harbi,
Amma ji nan kafin ka huta.
Da baƙon da bai san ka ba,
Gara wanda ya san ka ya hukunta.

Hajiya Binta 'Yar Gidan Malamai:

Malam, ka zagaye tambayar yaro,
Ka ba shi baiti biyu ka kau da kara.
In shugaban ne ya zalunce shi,
Gun wa yaron zai kai ƙara?
Ka bar "ta" ɗinka ka sauko nan,
Da "ra" za ka amsa, ina saurara.