Musayar waƙa: Kershaw da jifan Oktoba
(Kershaw tsohon mai jifa ne a ƙungiyar besbol ta Dodgers a Amurka. A Oktoba ake wasannin neman kofi bayan an gama kaka; Cardinals, Giants, Royals, Astros, Rays da Arizona duk ƙungiyoyi ne.)

Malam Ɗanjuma:
Kershaw a 2014, ku buɗe takarda,
Nasara 21, faɗuwa 3, ga shaida,
Duk zagaye tara, maki 1.77 ya ba da,
Mai jifa irinsa a besbol wa ya tarda?

Hajjo Zariya:
Malam, lissafinka ya ƙare a Satumba,
Cardinals ba su karanta takardar nan ba,
6 da 2, zagaye na bakwai, Dodgers na gaba,
Aka tashi 10 da 9. Ka ga aikin Oktoba.

Malam Ɗanjuma:
Hajiya, kwana huɗu ne ƙa'idar hutu,
Wasa na huɗu aka taso shi bayan uku,
Jifa ya doshi ɗari, gajiya ta kama hannu,
Ganin farko a ɓata, gani na uku a gane, Adams na Cardinals ya sami bugu.

Alƙalin Kari: Layin ƙarshen nan gurgu ne, Malam, ka lafta masa kaya kamar akori-kura. Kuma hutu da uku da hannu ba amsa-amo ba ne, wasali kawai suka haɗa.

Ɗan Agadas: Kai dai kullum kana bayan Hajiya. Da ta jera baiti ba awo ba mu ji bakinka ba.

Alƙalin Kari: Nata ɗingishi yake, nasa sai an ɗauka a gadon asibiti.

Hajjo Zariya:
Bumgarner na Giants a shekarar bai san gajiya,
Hutun kwana biyu, wasa na bakwai ya tsaya,
Zagaye biyar, Royals ba su ci ko ɗaya,
Giants da kofi, gwaninka na can baya.

Ɗan Agadas:
Astros da suka ci Dodgers a 2017 sun saci alama,
Yatsun mai cafe kyamara ta kama,
Mai bugu ya san me ke tafe, ya sami dama,
2020 Kershaw ya ka da Rays sau biyu, ba gardama.

Malam Ɗanjuma: Allah ya biya, Ɗan Agadas! Ku ƙara da wannan:
Zagayensa na kaka sun wuce 2,800,
Na Oktoba duk ba su kai ɗari biyu ba, Hajiya,
Ba a awon buhu da tiya ɗaya.

Hajjo Zariya: Kwana biyu ba ni da caji, ga amsarka:
2023, Arizona, a zagayen fari,
Maki 6 aka ci shi tun da wuri,
Mutum ɗaya ya fitar, koci ya ce bari,
Ina kyamara a nan, ina jifa ɗari?

Alƙalin Kari: Malam, 2,800 da me ya yi amsa-amo? Ina jira.